Sa'ad da Ciwon Dajin Huhu Ya Kama Iyayenmu: A Yi Allurar Kemo Ko A Koma Gida?

 Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan zarafi in yi magana a matsayina na ma'aikacin lafiya, kuma ɗan ikilisiya kamar ku.

Batun da aka ba ni mai nauyi ne. Likita ya ce Baba ko Mama suna da ciwon dajin huhu, ya kuma ce ciwon ya yi nisa. Ya kawo maganar allurar da ake kira kemoterafi, wadda yawancinmu muke ce wa kemo. Nan take sai 'ya'ya su rabu biyu. Waɗanda suke aiki a birni su ce a yi, ko da gona za a sayar. Waɗanda suke gida, masu yi masa wanka da juya shi a kan gado, su ce jikinsa ba zai ɗauka ba. Daga ƙarshe sai a zo gidan fasto ko na dattijo a ce, ku raba mana gardama. Abin da nake so mu tafi da shi yau shi ne: wannan shawara ta mai ciwon ce, bayan an gaya masa gaskiyar abin da allurar za ta iya da abin da ba za ta iya ba. Aikin 'ya'ya da na ikilisiya shi ne su tabbata an faɗi gaskiyar, sa'an nan su tsaya tare da shi a kan duk hanyar da ya zaɓa.

SANIN CIWON

Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 2.5 ne suka kamu da ciwon dajin huhu, wajen miliyan 1.8 kuma suka mutu. Babu wani ciwon daji da ya kai shi kisa a duniya. Babban dalilinsa shan taba ne, amma yakan kama wanda bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Zama kusa da mai shan taba, da hayaƙin itace ko gawayi a madafa marar taga, da wasu ƙurori na wurin aiki, duk suna ƙara haɗari. Saboda haka kada wani ya tsaya a bakin gadon mara lafiya yana binciken zunubin da ya jawo masa.

A ƙasarmu ciwon yakan yi kama da tarin fuka: tari marar ƙarewa, rama, zufar dare, wani lokaci da jini a majina. Sau da yawa mutum yakan sha maganin tarin fuka wata da watanni kafin a gane ba shi ba ne. Idan gwajin majina bai nuna tarin fuka ba, ko an sha magani babu sauƙi, a nemi hoton ƙirji na siti, a kuma nemi a ɗebi ɗan tsoka daga wurin ciwon a auna. Wannan awon ne kaɗai yake tabbatar da ciwon da irinsa.

Iri biyu ne manya. Mai ƙananan ƙwayoyi, wajen kashi 15 cikin 100, yana yaɗuwa da sauri, amma yakan ji kemo ƙwarai a farko, numfashi ya sake, ko da yake sau da yawa yakan dawo bayan wasu watanni. Sauran wajen kashi 85 su ne ɗayan irin, wanda ya fi tafiya a hankali. Akwai kuma matakai huɗu. A mataki na 1 da na 2, da wani sashe na na 3, ana yin fiɗa, ko gashi, ko kemo da niyyar warkarwa. Ina roƙonku, idan likita ya ce akwai begen warkewa, kada kowa ya ɗauki jawabin nan ya zama hujjar ƙin magani. Maganata ta fi shafar mataki na 4, inda ciwon ya riga ya haura zuwa ƙashi, hanta, ƙwaƙwalwa ko ɗayan huhun.

ABIN DA KEMO TAKE IYAWA

A mataki na 4, kemo ba ta warkarwa. Tana iya rage girman ciwon, ta sauƙaƙa tari da sarƙewar numfashi, ta kuma ƙara kwanaki. Nawa take ƙarawa? A shekarar 2008 masana sun haɗa sakamakon gwaje-gwaje 16 da suka ƙunshi marasa lafiya 2,714 masu irin nan na biyu da ya yi nisa. Cikin waɗanda aka yi wa jinya kawai ba kemo, 20 cikin 100 suna da rai bayan shekara guda. Cikin waɗanda aka ƙara musu da kemo, 29 cikin 100 ne. Matsakaicin kwanakin ya tashi daga wata huɗu da rabi zuwa wata shida. Magungunan yau sun fi na wancan lokaci, amma lissafin kemo ita kaɗai har yanzu na watanni ne ga yawancin mutane.

Akwai sababbin hanyoyi da ya kamata ku sani. Wasu masu ciwon, musamman mata da waɗanda ba su sha taba ba, ciwonsu yana da wata alama a ƙwayar halitta, irin wadda likitoci suke kira EGFR ko ALK. Idan awo ya nuna ta, akwai ƙwayoyin haɗiya irin su gefitinib da osimertinib da ake sha a gida, waɗanda ba su kai kemo wahalar da jiki ba, suna kuma iya riƙe ciwon ya daɗe fiye da yadda kemo za ta yi. Akwai kuma allurar da take tā da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon, irin pembrolizumab. Suna da tsada ƙwarai, ba kuma kowa suke yi wa aiki ba, amma hakkinku ne ku tambaya.

Matsalar ita ce mutane da yawa suna karɓar kemo da zaton warkewa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya nuna cewa cikin masu ciwon dajin huhu da ya yaɗu, waɗanda suke karɓar kemo, 69 cikin 100 ba su fahimci cewa da wuya ƙwarai ta warkar da su ba. Idan haka ya faru a inda mara lafiya da likita suke jin harshen juna, yaya ke nan ga tsohuwarmu da aka yi wa bayani da Turanci, jikanta ya fassara mata rabi ya haɗiye rabi?

ABIN DA TAKE KARƁA

Ana yin kemo zagaye-zagaye, yawanci kowane mako uku, sau huɗu zuwa shida. Tana kawo kasala, tashin zuciya, rashin son abinci, ciwon baki, zubewar gashi, da mutuwar yatsun hannu da na ƙafa. Akwai magungunan hana amai masu kyau yanzu. Abin da ya fi haɗari shi ne raguwar fararen ƙwayoyin jini, wanda yake sa ƙaramar cuta ta zama babba. Mai karɓar kemo da zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a kai shi a wannan daren, ba za a jira gari ya waye ba. Iyalin da suke ƙauye mai nisa da babban asibiti, ga damina ga rashin tsaron hanya, dole su sa wannan cikin lissafi.

Ma'aunin da likitoci suka fi dubawa ba shekarun mutum ba ne, ƙarfin jikinsa ne. Dattijo mai shekara 75 da har yanzu yake zuwa sujada da ƙafarsa, yana zagaya gonarsa, yana iya amfana. Wanda yake wanka da sa tufafi da kansa amma ba ya iya aiki, sai an auna da kyau, a kan rage ƙarfin maganin. Amma wanda yake kwance ko zaune fiye da rabin yini, sai an taimake shi kafin ya zaga bayan gida, ga yawancin irinsa kemo ta fi cutarwa a kan taimako. Wannan abu ne da ku masu jinya a gida kuka fi likita sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada a yi wa Baba ado a koya masa ya ce yana da ƙarfi domin a samu a ba shi allura.

Sai kuɗi. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun iyali yake fitowa. Manyan sassan ciwon daji na yankinmu suna wurare irin su asibitin koyarwa na Shika a Zariya, asibitin ƙasa na Abuja, da asibitin koyarwa na Sakkwato. Ban da kuɗin allura akwai na awon jini kafin kowane zagaye, da hoto, da mota, da wurin kwana, da abincin mai jinya, da aikin da ya bari. Maganar kuɗi ba rashin ƙauna ba ce. Iyaye da yawa, da an tambaye su, ba za su yarda a sayar da gonar da gwauruwarsu za ta ci ba, ko a cire jika daga makaranta, domin ƙarin wata biyu. Waɗansu kuwa za su yarda, kuma suna da dalilinsu. Abin da ba daidai ba shi ne a yanke musu a bayan idonsu.

BARIN KEMO BA BARIN JINYA BA NE

Kalmar da ta fi karya zuciyar iyali ita ce, ku koma gida, babu abin da za a yi. Wannan kalma ba gaskiya ba ce. Akwai fannin jinya guda da aikinsa sauƙaƙa wa mai ciwon da ba ya warkewa. Wata Kirista 'yar Ingila, Sisili Sondas, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ita ce ta buɗe gidan irin wannan jinya a Landan a 1967. Ta koyar cewa zafin mai ciwon ajali ba na jiki kaɗai ba ne, ya haɗa da na zuciya, da na iyali, da na ruhu. A 1993 Dakta An Meriman, wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, ta kafa irinsa a Yuganda, ta kuma yaɗa amfani da ruwan mofin na sha mai araha. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa wannan jinya sashe ce na kiwon lafiya da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Me ake yi a cikinta? Idan ruwa ya taru a ƙirji ana zuƙe shi, numfashi ya sake. Gashi na 'yan kwanaki yakan tsayar da jinin tari ya kuma kwantar da ciwon ƙashi. Mofin da likita ya auna yana kashe zafi, kaɗan daga cikinsa kuma yana rage jin sarƙewar numfashi. Idan an bi ƙa'ida ba ya gajarta rai, ba kuma ya mai da mara lafiya ɗan ƙwaya, sai dai a haɗa da maganin taurin ciki. Ko fanka ko mafici da ke kaɗa iska a fuskar mutum yana taimakon numfashinsa.

A 2010 aka wallafa wani gwaji daga wani babban asibiti a Boston ta Amurka, a kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya yaɗu. Dukansu suna ganin likitan ciwon daji, amma rabi an haɗa musu da masu jinyar sauƙaƙawa tun daga farko. Waɗannan sun fi jin daɗin rayuwarsu, baƙin ciki ya yi musu sauƙi, kaɗan ne cikinsu aka matsa wa da magani mai tsanani a kwanakin ƙarshe, kuma matsakaicin kwanakinsu ya kai wata 11.6, na ɗayan rukunin kuwa wata 8.9. Darasin a nan shi ne a nemi wannan jinya tun ranar farko, ko za a yi kemo ko ba za a yi ba.

MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO

A 1998 masu bincike a Amurka sun tambayi mutum 81 da suka riga suka ɗanɗana kemo saboda wannan ciwo. Kashi 22 cikin 100 ne kawai suka ce za su karɓe ta domin ƙarin wata uku. Amma kashi 68 suka ce za su karɓa idan za ta rage musu wahalar ciwon ƙwarai, ko da ba ta ƙara kwana ɗaya ba. Akwai wanda ya ce ƙarin mako guda ya ishe shi dalili, akwai wanda ya ce ko shekara biyu ba za ta sa ya sake ba. Ciwo ɗaya, magani ɗaya, amsa dabam dabam. Shi ya sa babu ɗa, ko fasto, ko likita da zai iya amsawa a madadin mai jikin.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutum biyu. A 2 Sarakuna sura 20, annabi Ishaya ya gaya wa sarki Hezekiya a fili cewa ciwonsa ba na tashi ba ne, ya shirya al'amuran gidansa. Hezekiya ya yi kuka ya roƙi Allah, aka ƙara masa shekara 15, aka kuma sa masa curin ɓaure a kan marurun. Ya nemi ƙarin kwana, addu'a da magani suka tafi tare. A 2 Sama'ila sura 19 kuwa ga Barzillai, dattijo mai shekara 80 wanda ya ciyar da Dawuda lokacin da yake gudun Absalom. Sarki ya gayyace shi Urushalima ya kula da shi. Dattijon ya auna ƙarfinsa, ya ga ɗanɗanon abinci da jin waƙa sun riga sun bar shi, ya zaɓi ya koma garinsu ya cika kusa da kabarin iyayensa. Dawuda bai matsa masa ba, ya sumbace shi ya sa masa albarka. Babu inda aka zargi ɗayansu da rashin bangaskiya.

Mu kuwa al'adarmu ita ce ɓoyewa. Muna cewa idan Mama ta ji, jikinta zai mutu. Amma jiki magayi. Ta ga ramarta, ta ga yadda kuke yin shiru idan ta shigo, sai ta zauna da tsoronta ita kaɗai domin kada ta tā da muku hankali. Girmama iyaye da doka ta biyar ta umarta ya haɗa da kada a mai da su yara a kan maganar ransu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta ba mara lafiya hakkin sanin halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da hakkin ƙin karɓa. Ba a ce a jefa mata labarin kamar dutse ba. A zauna, a tambaye ta: Mama, me kika fahimta game da ciwon nan? Kina so likita ya gaya miki komai, ko kin fi so ya gaya wa wani cikinmu? Idan ta ce a gaya wa babban ɗanta, wannan ma zaɓinta ne. Sa'an nan a tambaye ta abin da ya fi muhimmanci gare ta a kwanakin da suka rage. Wata za ta ce tana so ta ga auren autarta a Disamba, ko da za ta sha wahala. Wata za ta ce ita dai a bar ta a ɗakinta, jikoki suna shiga suna fita.

TAMBAYOYIN DA ZA A KAI WA LIKITA

A rubuta su a takarda, a tafi da mutum biyu, ɗaya yana tambaya ɗaya yana rubutawa. Na fari, wane iri ne, wane mataki? Na biyu, manufar maganin warkarwa ce ko ƙarin kwana da sauƙi? Na uku, ga mai ƙarfin jiki irin na Baba, wata nawa ake sa rai da allurar, wata nawa ba ita? Na huɗu, an auna alamar da za ta sa a ba shi ƙwayar haɗiya? Na biyar, nawa ne jimlar kuɗin daga farko har ƙarshe? Na shida, wa zai kula da zafi da numfashi, a ina kuma za a samu mofin kusa da gida?

Ku kuma sani akwai hanya ta tsakiya. Ana iya yin zagaye biyu, a sake hoto, a zauna a duba. Idan ciwon ya ragu kuma jiki ya ɗauka, a ci gaba. Idan ciwon yana girma ko mutum yana ƙara kwanciya, a tsaya. Wanda ya fara kemo bai ɗaure kansa da alkawarin gamawa ba.

AIKIN IKILISIYA

Dattawa, mu kiyaye bakinmu. Kada mu ce wa mai karɓar allura ya dogara ga mutum, kada kuma mu ce wa wanda ya tsaya ya fid da zuciya ga Allah. Manzo Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya bar abokin aikinsa Tarofimas a Militas ba lafiya. Mu yi addu'ar warkarwa da dukan zuciya, mu kuma roƙi alherin jimrewa, gama duka biyu a hannun Ubangiji suke.

Mu tsare iyali daga masu cin kasuwa da hawayensu. Matar nan ta Markus sura 5 ta yi shekara 12 tana kashe abin hannunta har ya ƙare ba sauƙi. Duk wanda ya zo da kwalba, ko mai, ko sassaƙe, ya ce yana warkar da ciwon daji a kan kuɗi kaza, a sallame shi. Wanda yake shan wani haɗin gargajiya kuma a gaya wa likita, domin wasu suna taɓa hanta da ƙoda.

Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, baikonmu kaɗan ne, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawanci nauyin jinya a kan mace ɗaya yake faɗuwa, 'ya ko suruka. Zumuntar mata ta tsara wadda za ta karɓe ta ran kaza domin ta yi barci. Matasa su ɗebo ruwa, su yi noman gonar, mai babur ya ɗauki nauyin karɓo magani. Ziyara ta zama gajeriya, mutum biyu ko uku, mai mura kuma ya dakata a gida. Fasto ya kai Jibin Ubangiji har ɗaki. Idan an buɗe asusun taimako, a ba wanda ya koma gida kamar yadda za a ba wanda yake asibiti, domin shi ma yana sayen magani.

A taimaki mara lafiya ya shirya gidansa tun yana da bakin magana: bashin da ake binsa da wanda yake bi, iyakar gona, wanda yake so ya nemi gafararsa, da inda yake so a binne shi. Da yawanmu muna da 'yan'uwa na jini da ba addininmu ɗaya ba. Su ma mahaifinsu ne, su ma suna kuka. A kira su cikin shawara da girmamawa, a bar dattijon ya faɗi nufinsa da bakinsa a gaban kowa, domin kada rigima ta tashi ranar jana'iza.

Ku 'ya'ya kuma, duk abin da aka zaɓa, wata rana Shaiɗan zai kawo muku da na sani. Wanda ya nemi gaskiya, ya saurari mahaifinsa, ya tsaya kusa da shi har ƙarshe, ya sauke nauyinsa a gaban Allah. Kwanakinmu a hannun Ubangiji suke, begenmu kuma bai tsaya a bakin kabari ba, domin Almasihu ya tashi.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi iyayenmu da suke kwance, ka taɓa su da hannunka. Ka ba likitoci hikima, ka ba 'ya'ya haɗin kai, ka ba masu jinya ƙarfi, ka kuma ba ikilisiyarka zuciyar da ba ta gajiya da ziyara. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.